Ɗigon Muntaka a Tekun Ƙanƙara

Duk wanda ya yi aiki da Muntaka ya san leɓensa na ƙasa. Ba don kyau ba, don Allah bai yi masa wani kyan a-zo-a-gani ba. An san leɓen ne saboda da shi yake aiki. Kafin ya sa zoben roba a jikin kowace na'ura, sai ya goge shi, ya ɗaga shi sama ya duba, sannan ya rufe ido ya ja shi a hankali a kan leɓensa. In da tsaga, ko ƙwayar yashi guda, leɓen zai gaya masa. Injiniyoyi masu digiri bibbiyu sun yi masa dariya har sun gaji, shi kuwa ko a jikinsa.

A Jidda aka haife shi, a wani lungu bayan Bab Makka. Iyayensa sun zo aikin hajji daga ƙasar Haɗeja da ƙuruciyarsu, suka yi zamansu har ƙasa ta rufe idanunsu a nan. Fasfonsa na Najeriya ne, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar ba. Shekara hamsin da shida ke nan yana zaune a garin haihuwarsa da iƙama, wato katin izinin zama, wanda sai kafili, mai ba shi aiki, ya ga dama yake sabunta shi. Ya fara neman abinci da ɗaukar ƙanƙara a babbar kasuwar kifi, daga nan ya yi shekara goma sha huɗu yana gyaran ɗakunan sanyi na kasuwar. Da ƙirjinsa ya fara gajiya da sanyi, sai ya koma Abhur, a bakin teku arewa da gari, yana gyaran injinan kwale-kwalen masu kuɗi, har wani kamfani ya ga hannunsa ya ɗauke shi.

Kamfanin yana can ƙarshen Abhur, bayan gidajen shaƙatawa, a wani dogon shago mai kallon teku. Aikinsu haɗawa da gyaran wasu na'urori masu yawo a cikin teku su kaɗai, ba matuƙi, ba igiya. Kowace ta kai tsawon mutum a kwance, rawaya ce, da fukafukai biyu da siririn ƙarfe a wutsiya. Sai a sake ta ta yi wata uku ko huɗu tana nutso, tana auna ɗumin ruwa da gishirinsa, tana ƙirga ƙananan halittun da kifi ke ci, tana naɗar kukan manyan dabbobin ruwa. Bayan 'yan sa'o'i sai ta taso, ta ɗaga wutsiya, ta aika abin da ta samo ta tauraron ɗan'adam, ta koma ƙasa. Larabawan wurin samaka suke ce mata, wato kifi. Muntaka kuwa tarwaɗa yake kiranta, ko da yake bai taɓa ganin tarwaɗa da rai ba, a bakin mahaifiyarsa kawai ya sha labarinta.

Aikinsa shi ne rufewa. Jikin tarwaɗa gaɓa uku ne, kowace mahaɗa da zobenta na roba, kuma in ruwa ya sami hanya ko da ta bakin allura ce, shi ke nan an yi asarar ta. In ya rufe, sai ya zuƙe iskar ciki da famfo, ya zauna yana kallon allurar ma'auni. In allura ta tsaya cak har awa biyu, rufin ya yi. Sai ya tsoma tsinken ashana a farin fenti, ya yi ɗigo guda a ƙarƙashin wutsiya. Ba wanda ya sa shi, ba ya kuma cikin kowane littafin aiki. Shekara tara yana yi, ya rufe fiye da sau sittin, ba wadda ta taɓa shan ruwa.

Sai ga wata kwangila daga masu bincike na can ƙarshen arewacin duniya, inda duwatsun ƙanƙara ke yawo a kan teku. Suna son sanin dalilin da ƙananan kifayensu ke ta ƙaura gaba, suna barin tsuntsaye da masunta da yunwa. Aka shirya musu tarwaɗa biyu, Ta Shida da Ta Bakwai. Ta Shida ta sami sauran zobban asali da ke cikin aljihun tebur. Na Ta Bakwai kuwa suka maƙale a hanya, ga ranar tashin jirgi ta matso. Shugaban shagon, Nawaf, injiniya ɗan shekara talatin da 'yan kai wanda bai daɗe da hawa kujerar ba, ya shiga mota ya tafi Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antu ta Jidda, ya dawo da wasu zobba daidai da waɗancan a faɗi da kauri.

Muntaka ya ja guda a leɓensa, ya buɗe ido.

"Ya muhandis," ya ce wa injiniyan, "wannan robar ba irin waccan ba ce."

"Awo ɗaya, ƙarfi ɗaya, ga takarda," in ji Nawaf, wanda ke kiransa Ammi, wato baffa. "Yalla ya Ammi, jirgi ba ya jiran leɓe."

Aka yi dariya. Muntaka ya rufe. Allura ta tsaya, aka kuma gwada ta kwana uku a Bahar Maliya ta fito a bushe. Ya yi jim da tsinken ashana a hannu, sannan ya yi ɗigonsa.

Wata biyu bayan nan aka sake su a can arewa. Ta Shida ta kama aikinta. Ta Bakwai ta nutsa sau ɗaya, ta taso ta aiko da saƙo cewa ruwa ya shige ta, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarta ba.

Manyan kamfani suka kafa kwamiti. Shi kuwa kwamiti, kun dai san halinsa, in ya rasa wanda zai kama sai ya duba ƙasan tebur ya ga wa ya fi kusa da takalminsa. Rahoto ya fito da cewa kuskuren mai rufewa ne. Ranar wata Lahadi Nawaf ya kira Muntaka ofis, ya tura masa takarda da biro, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Gargaɗi ne kawai a fayil, ya Ammi. Ka sa hannu cewa ka rufe ba daidai ba, halas, shi ke nan. Gobe a sabunta maka iƙama."

Muntaka ya karanta takardar daga sama har ƙasa, yana bin layi da yatsa.

"In ban sa ba fa?"

"Iƙamarka saura kwana goma sha tara. In ba ka sa ba, sun ce a yi maka huruj niha'i."

Wato fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa. Muntaka kuwa ba shi da wani gari da zai ce zai koma. Amma ya mayar da hular biron, ya ajiye shi a kan takardar.

"Daidai na rufe ta. Ba na sa hannu a kan ƙarya, ko da tawa ce."

"Ka je ka yi shawara da iyali."

"Zan je gida, amma hannun nan da shi zan dawo."

A gida matarsa Surayya ta tarbe shi da faɗa tun bai cire takalmi ba, don labari ya riga shi isowa. Ita 'yar Hausawan Sudan ce, nan Jidda ita ma aka haife ta, kuma zamanta a kan iƙamarsa yake rataye. 'Yarsu guda, Nuha, tana aure a unguwar gaba da tsohon ciki.

"Abu Nuha, takarda ce fa! Wa zai karanta ta? Ka sa musu hannu mu ga jikanmu."

"Ni zan karanta ta, kullum."

"Kai da sunanka! Sunan ne zai ba mu ɗaki a Najeriya? Wa ka sani can? Kabarin Umma da na Abba fa, wa za ka bar wa?"

Wannan ta soke shi, bai kuwa ɓoye ba. Ya zauna a bakin gado har aka kira la'asar. Tsoro yake ji ƙwarai, irin wanda bai taɓa ji ba. Amma duk lokacin da ya kwatanta hannunsa a kan takardar nan, sai ya ga ɗigo sittin da wani abu sun zama fenti kawai, ya ga kuma duk wanda ya taɓa yi wa leɓensa dariya ya yi gaskiya. Ya tashi ya yi alwala, ya ce da ita ba zai sa ba.

Kwana goma suna haka. A shago aka ɗauke shi daga rufewa aka ba shi wankin tankuna. Ya wanke su tas, har ya ƙara da waɗanda ba a ce ya wanke ba, yana yi yana gaida kowa da suna. Masu ba shi shawarar ya sassauta suka yi ta zuwa, ya ba kowa shayi ya sallame shi.

Rana ta goma sha ɗaya Surayya ta tafi Bab Makka ta dawo da ƙaton akwati. Ta dire shi a tsakar ɗaki, ta buɗe, ta ciro wata rigar sanyi mai kauri, ruwan toka, ta jefa masa a cinya.

"Tunda ka zaɓa, ga ta nan. An ce can wani lokaci ana sanyi. Kai da ƙirjinka."

Ta faɗa da fushi, amma idonta ya kawo ruwa. Muntaka ya riƙe rigar yana murzawa. Rabonsa da taɓa irinta tun yana ɗakunan sanyi na kasuwar kifi. Daga nan sai tunaninsa ya faɗa kan wata shekara da maigidansu na lokacin ya sayo baƙar roba ta zagayen ƙofa. A waje laushi gare ta kamar kunnen jariri. Aka manna ta a ƙofar ɗakin da ke daskarar da kifi, kafin gari ya waye ta ƙame kamar ƙirgi, iska na shiga ta ko'ina. Da aka ciro ta aka ajiye a rana, sai ta koma laushinta, ka rantse ba ta taɓa laifi ba.

Ya miƙe tsaye da rigar a hannu.

Ai dole abin ya shige wa mutanen Jidda duhu. Mutumin da ya tashi yana gudun rana daga inuwa zuwa inuwa, wanda sanyin da ya sani a duniya shi ne na na'urar sanyaya ɗaki, in zai gwada kaya zafi yake tunani. Sun gwada zobban nan da zafi, sun gwada su da gishiri, sun gwada su da nauyin ruwa. Duk shagon ba wanda ya ce a sa su a sanyi, har shi Muntakan da ya ci shekara goma sha huɗu a cikinsa.

Washegari ya sami Lama, injiniyar da ke karanta saƙonnin na'urorin a kwamfuta. 'Yar ƙasa ce, amma kakarta Bahaushiya ce, don haka tana jin Hausa sarai, mayarwar ce sai ta haɗa da Larabci.

"Ya binti, 'yata, kafin su saki Ta Bakwai a ruwa, ina suka ajiye ta?"

Ta duba. "A saman jirgin ruwa, Ammi. Yomen, kwana biyu. Iska ta hana su."

"Sanyin nawa?"

"Ashirin ƙasa da sifiri."

"Tayyib. Ina son gaɓa biyu na gwaji, da zoben asali guda cikin waɗanda suka iso a makare, da guda cikin na Madinar Masana'antu. Ina kuma son idonki, don kada a ce na yi wani abu."

Lama ta san abin da sa hannunta a takardar fitar da kaya zai iya jawo mata. Ta dube shi, ta dubi ƙofar ofishin Nawaf, ta jawo takardar ta sa hannu.

Da la'asar suka isa kasuwar kifi. Usuman, tsohon abokin aikin Muntaka wanda yanzu shi ke riƙe da makullan ɗakunan sanyi, ya share musu wuri tsakanin kwalayen jatan lande. A gaban Lama, tana ɗauka da waya, Muntaka ya rufe gaɓoɓin biyu, kowace da irin zobenta, ya zuƙe iskar, allurai biyu suka tsaya wuri ɗaya. Aka shigar da su, Usuman ya kulle, Lama ta tafi da makullin. Sannan Muntaka ya buga wa Nawaf waya.

"Ya muhandis, kawo takardarka kasuwar kifi gobe da hantsi. Can zan ba ka amsa."

Nawaf ya zo cikin farar jallabiya mai guga, da takarda a hannu, yana tsallake ruwan kifi yana yatsina fuska. Ya tarar da Muntaka tsaye cikin rana tsaka sanye da rigar sanyi ruwan toka, gumi na zuba, masu dako suna yi masa tsiya. Lama ta buɗe ƙofa, farin tururi ya fito, suka shiga.

Allurar gaɓar da ke da zoben asali tana nan inda aka bar ta. Ta ɗayar ta faɗi ƙasa warwas.

Muntaka ya matsa kusa. Ya kwance gaɓar, ya ciro zoben, ya miƙa wa Nawaf. Nawaf ya lanƙwasa shi, zoben ya ƙi, ya ƙara ƙarfi, sai ya tsage. Ya tsaya yana kallon abin da ke hannunsa, haƙoransa na haɗuwa, jallabiyar nan ba ta tare masa komai ba.

"Ka san wanda ya sayo zobban nan," in ji shi a hankali.

"Na sani."

"Me ya sa ba ka faɗa wa kwamiti ba?"

"Ba su tambaye ni wanda ya saya ba. Cewa suka yi hannuna ya yi kuskure, ni kuma na ce bai yi ba."

Nawaf ya dubi takardar da ya zo da ita. Kowa a ɗakin ya san inda maganar ta nufa: in laifin ya sauka daga kan Muntaka, kan Nawaf zai hau, kuma Nawaf ne mai tura takardar sabunta iƙama. Saura kwana shida. Usuman ya yi gyaran murya, ya shiga gyara kwalayen da ba su buƙatar gyara.

Muntaka ya miƙa hannu ya karɓi biron daga aljihun Nawaf, ya juya bayan takardar, ya ɗora ta a kan kwalin jatan lande.

"Akwai wadda zan sa wa hannu. Ya binti, rubuta, hannuna ya daskare. Rubuta cewa ni Muntaka na ji a leɓena robar nan ba ita ba ce. Na faɗa sau ɗaya, aka yi dariya, na ji kunya na yi shiru. Na rufe, na kuma yi mata ɗigona alhali zuciyata ba ta kwanta ba. Wannan laifina ne, ba kuma zan ƙara ba."

Lama ta rubuta. Ya karɓa ya sa hannu, da kyar, harafi ɗaya-ɗaya. Ya miƙa wa Nawaf takardar da biron tare.

"Nawa ke nan. Akwai sauran wuri a ƙasa."

Nawaf ya daɗe a tsaye, har Usuman ya ce a fita kada wani ya faɗi. Bai fita ba. Ya sunkuya a kan kwalin ya yi layi uku, ya rubuta cewa shi ya sayo zobban, ya sa hannu a ƙarƙashin na Muntaka.

Ba a yi wani biki ba. Manyan kamfani suka ja wa Nawaf kunne sosai, suka hana shi ƙarin girman da yake jira, ya yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa shi da Muntaka. Iƙama ta fito saura kwana biyu. A wurin sana'a har yanzu lebura aka rubuta, kamar yadda aka saba. Muntaka ya duba, ya yi tsaki, ya sa katin a aljihu. Nuha ta sauka bayan mako uku, ya yi wa jikarsa huɗuba a asibitin da bai fi tafiyar ƙafa daga lungun da aka haife shi ba.

Surayya ta kwashe kayan akwati ta mayar da su inda suke, ba ta ce ya yi daidai ba, ba ta kuma ce bai yi ba. Rigar sanyin ce kawai ba ta sami mayarwa ba, don ta zama kayan aiki. Tun daga lokacin ba tarwaɗar da ke tafiya arewa sai ta kwana biyu a ɗakin Usuman tsakanin jatan lande, kuma Muntaka ne ke shiga ya duba allura.

Da sanyin shekarar gaba aka aika Ta Takwas. Ranar da za a sake ta, Muntaka ya ajiye aikinsa ya je ya tsaya a bayan kujerar Lama. A kwamfutar ba abin da yake gani sai shuɗi da fari, da wasu sunaye da ba ya iya furtawa. Aka ce ta nutsa. Awa ɗaya, awa biyu, awa huɗu. Shayinsa ya huce a hannu. Nawaf ya fito daga ofis ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa ƙarasowa, ya kuma kasa komawa.

Can sai wani ɗan tabo ya bayyana a gefen farin.

"Ta taso, Ammi," in ji Lama. "Ciki a bushe."

Muntaka ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Nan ina ne?"

"Bakin ƙanƙara. Daga nan ba sauran gari."

Ya yi ta kallon wurin. Shi da ba ya iya ƙetare iyakar ƙasar nan sai an buga masa izini, ga ɗigonsa can inda ƙasa ta ƙare, yana nutsewa yana tasowa ba mai tambayarsa takarda. Ƙwalla ta cika masa ido, bai kuma damu da wanda ya gani ba.

Ya share fuska da hannun riga, ya juya zai koma bakin aiki, sai ya tarar da Nawaf a gabansa riƙe da sabon ƙunshin zobba da aka kawo da safe. Nawaf ya ciro guda ya miƙa masa.

"Ya Ammi, takardarsu ta ce sun yi. Kai me ka ce?"

Muntaka ya karɓa, ya goge, ya ɗaga sama ya duba. Ya rufe ido ya kai shi leɓensa.